Zuwa ga ɗiyata da ta kama koyarwa a Talata Mafara

Ɗiyata, na ji kin karɓi aji a makarantar cocinku. Na yi murna ƙwarai. Albashin ba yawa, na sani. Amma zauna ki ji ta bakin goggonki.

Ki dubi yaran da ke gabanki da kyau. Ga ɗan mai shago da iyayensa suka zo daga kudu. Ga 'yar malamin Kwalejin Abdu Gusau. Ga ɗan ma'aikacin noman rani na Bakalori. Wataƙila har da 'ya'yan maƙwabta Musulmi, waɗanda aka kawo don an ji kuna karatu sosai. Waɗannan amana ce mai nauyi. Uban ya san addininku, ya san nasa, duk da haka ya kamo hannun ɗansa ya miƙa miki. Kada ki matsa wa yaron nan a kan addu'ar da ba tasa ba. Kada ki bari a yi masa ba'a. In azumi ya zo, ki ɗauke masa shara da guje-guje. Ranar da ya koma gida da kuka saboda addini, unguwa guda ce za ta juya muku baya, fasto kuma ya shekara yana ba da haƙuri.

Za ki ce, to ina bangaskiyarmu? Tana nan, ɗiyata. Ku yi addu'ar safe, ku rera waƙoƙinku da murya sake. Ki koya wa namu Littafi Mai Tsarki, da Hausa ma, kada ki tsaya ga Turanci. Tun 1932 muke da shi cikakke cikin harshenmu. Sai dai yaro idonsa ya fi kunnensa aiki. Zai haddace aya ranar Litinin, ranar Talata kuma ya ga yadda kika yi da wanda aka koro saboda kuɗin makaranta. Ga shi can tsaye bakin ƙofa, littafi cikin leda, yana tona ƙasa da ɗan yatsan ƙafa. In kin wuce shi, ajin duka ya gani. In kin kira shi gefe, kin je wurin zumuntar mata kin ce a taimaka, wannan ma sun gani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Makarantar ta ikilisiya ce duka, har da tsohuwar da ba ta iya karatu ba.

Makarantar coci tana da tushe a ƙasarmu. A Wusasa ta Zariya, makarantar St. Bartholomew ƙarama ce ta mishan. Can Yakubu Gowon ya yi karatun farko. Can Ishaya Audu ya fara, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Malamansu ba su san abin da yaran za su zama ba. Ke ma ba ki sani ba.

Akwai maganar da ba na son yi, amma dole. A 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata 279 a Jangebe, nan cikin ƙaramar hukumarku. A Agusta aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura. A farkon Satumba kuma aka ɗauki ɗalibai a Kaya ta Maradun. Tun daga lokacin, uwar da ta sallami ɗanta da safe zuciyarta ba ta kwanciya sai ta ga dawowarsa. In ta zo tana faɗa don an makara tashi, kada ki ji haushi. Tsoro ne, Allah sarki. Wannan tsoro kuwa bai san coci ko masallaci ba.

Don haka ki san gidan kowane yaro. Ki riƙe lambar wayar iyayensu. Kada ki saki ƙaramin yaro ga wanda ba ki sani ba, ko da ya ce kawunsa ne. Ki gaisa da mai unguwa da limamin layinku, in an yi rasuwa ki je ta'aziyya da mayafinki. Zumunta a ƙafa take, kuma ranar da wani baƙon ido ya fara zagaya katangarku, su ne za su fara gani su aiko miki.