Amsoshin Tambayoyinku: Damtse Ya Ƙi Cika

Wani mai sauraro daga Kwanar Dangora, wanda ke ɗaga ƙarfe mai gwangwanayen siminti a gefe da gefe, ya ce ƙirjinsa ya buɗe amma damtsensa ya ƙi cika. Yaya zai raba kwanakin atisaye?

Da farko ya sani cewa kusan kashi biyu cikin uku na naman damtse a bayan hannu yake, wato tsokar da ke miƙe gwiwar hannu. Samari kuwa ƙwanjin gaba suke ta wahalarwa, don shi madubi ke nunawa.

Ya ba damtse kwana 2 a mako, misali Litinin da Alhamis, ya fara da shi tun ƙarfinsa bai ƙare ba. Zagaye 3 ko 4, kowanne ɗagawa 8 zuwa 12, a sauke a hankali, ban da lilo da ƙugu. Talata ta zama ta ƙafafu, Asabar ta ƙirji da gadon baya. In ɗagawa 12 ta yi sauƙi, a ƙara nauyi.

Tsoka na bukatar hutun awa 48 da isasshen barci. A ɓangaren abinci kuwa, awara, ƙwai, wake da kindirmo sun wadatar.