Ɗori da Tausa: Abin da Ya Kamata Mai Gida Ya Sani

Ya kai mai gida na Yalwa, ka san yadda a kan yi. Mangwaro ya nuna, yaro ya hau, reshe ya karye. Ko kuwa babur ya kā da mutum a hanyar Rano. Kafin a ce me, an kira mai ɗori. To, karanta wannan darasi, kāna ka karanta wa iyalinka.

Gyaran jiki da hannu ba a ƙasar Hausa kaɗai a ke yinsa ba. A Amurka wani likita, Andrew Taylor Still, ya fito da tasa hanyar a 1874, ya buɗe makarantarta a 1892. Masu binsa su kan murza nama, su miƙar da gaɓoɓi. Binciken likitoci ya nuna wannan ya kan rage ciwon baya na yau da kullum ga manya. Amma hannu ba ya ganin abin da ke cikin ƙashi. Hoto ne ke gani.

Ga Manya

In bayanka ya riƙe bayan noma, tausa a hankali da ruwan ɗumi ba laifi. Amma in ciwon ya zo da zazzaɓi, da rama, da gumin dare, ko ƙafafu suka fara mutuwa, kada a danna. Tarin fuka ya kan ci ƙashin baya, maganinsa kuwa yana asibiti.

Ga Yara

Ƙashin yaro ɗanye ne, ya kan haɗe cikin mako 3 zuwa 6. Saboda haka in an ɗora shi a karkace, a karkace zai haɗe. Babban haɗari shi ne ɗauri. Wurin da ya karye ya kan kumbura. In an jera kara an tamke da tsumma, kumburin ba shi da wurin zuwa, sai jini ya tsaya. Naman da ya rasa jini awa 6 zuwa 8 ya kan mutu. Ta haka ne ƙaramar karaya ke kai yaro ga yanke hannu.

Lura da waɗannan alamu:

1. Yatsu sun yi sanyi, ko sun yi baƙi.
2. Zafi yana ƙaruwa maimakon raguwa.
3. Yaro ba ya jin taɓi, ko ya kasa motsa yatsu.
4. Fata ta yi bororo, ko wari yana tashi.

In ka ga ko ɗaya, kwance ɗaurin nan take, ka nufi asibiti, ko da tsakar dare ne.

Ga Jarirai

Wuyan jariri ba shi da ƙarfi, maɗigarsa kuma ba ta rufewa sai wajen wata 18. A shafa masa mai a hankali bayan wanka. Kada a murɗa wuyansa, kada a girgiza shi, kada a matsa kansa wai ana gyara shi. Tausa ba ta maganin yawan kuka. Jaririn da ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zafi, ko maɗigarsa ta faɗa, na likita ne.

In An Karye

Kada ka ja, kada ka gwada mayar da ƙashi. Tallafe wurin da katako mai shimfiɗar zane, ka ɗaura sako-sako, yadda yatsa zai shiga. In akwai rauni, rufe shi da tsumma mai tsabta, kada a barbaɗa kome. Sai ku tafi Babban Asibitin Rano. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura ku Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda ke wannan aiki tun 1959.

Kuɗin mota ya kan dawo in an yi kaka. Hannun da aka yanke ba ya dawowa.