Me Ya Sa Littattafan Matafiya Ke Tsallake Maigatari?

Tambaya: Ni malamin makaranta ne a Maigatari. Wani abokina ya ara mini littafin nan da baƙi masu yawon buɗe ido ke riƙewa. Na ga Kano shafi bayan shafi, na ga Katsina da Zariya, amma na duba har idona ya gaji ban ga garinmu ba, alhali kasuwar dabbobinmu ta yi suna har Nijar. Raini ne, ko kuɗi ake biya kafin a sa gari?

Amsa: Malam, ka kwantar da hankalinka, ba raini ba ne. Batun kuɗi kuma, manyan kamfanoni irin su Lonely Planet, wanda Tony da Maureen Wheeler suka kafa a 1973, sun sha faɗin cewa marubutansu ba sa karɓar kyauta don su yabi wuri. Abin da ke faruwa shi ne, ba don ɗan gari ake rubuta irin wannan littafi ba. Don baƙo ake yi, wanda ya sauka da 'yar jakarsa da kwanaki ƙidayayyu.

Haka sana'ar ta faro. Kamfanin Baedeker na Jamus ne ya yi fice tun ƙarni na 19 wajen sa wa wurare tauraro, don mai gaggawa ya san inda zai tsaya. Michelin na Faransa kuwa, da ya fara fitar da nasa a 1900, mai sayar da taya ne: so yake masu mota su yi ta yawo tayoyinsu su cinye. Ka ga tun farko hanya ce ke zaɓen gari.

Marubucin yakan tambayi kansa: ta ina baƙo zai shigo? Ina zai kwana, me zai ci? Me zai gani in ya iso ran Litinin da rana tsaka? A Kano amsar a shirye take. Ga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, ga Kasuwar Kurmi, ga marinar Ƙofar Mata da Gidan Makama da Dutsen Dala, kuma duk ranar da ya zo zai same su. Maigatari kuwa ranar Alhamis take cika ta batse. Wanda ya ga kara a ranar, da shanu da raƙuma da tireloli ana lodi zuwa Kudu, ba zai manta ba. Amma wanda ya zo ran Asabar sai ya tarar da fili da kashin shanu. Marubucin da aka ba 'yan makonni ya zagaya ƙasa guda ba lallai kwanansa ya faɗo kan Alhamis ba.

Sai tsaro. Gwamnatocin Turai sukan gargaɗi mutanensu game da garuruwan kan iyaka, kuma an rufe iyakar Najeriya da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Edita na ganin haka sai ya ja alƙalami ya soke.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ni ba na so: marubuta na bin sawun juna. Inda na farko ya sauka, nan na biyu zai sauka. Ai ƙasar Gumel, wadda Maigatari ke cikinta, ta taɓa shiga littafi tun kafin a san mota. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ake kira Abdulkarim, ya yada zango a Gumel a watan Maris na 1851 a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ya kuma rubuta yadda cinikin kanwa ya bunƙasa a can. Ba alfarma aka yi wa Gumel ba, hanyar ayari ce ta bi ta ƙofarta. Da hanyar baƙi ta kauce, sai alƙalaminsu ya kauce.

Yanzu marubutan kan fara bincike ne a intanet kafin su taso. To, ga aiki gare ka da ɗalibanka, Malam. Ku rubuta ranar kasuwa da lokacin da take cika, da tashar da ake shiga mota daga Kano ta Gumel, da masaukin da baƙo zai kwana. Ku ɗauki hotuna da izinin masu dabbobin, ku sa a Wikipedia ta Hausa.