Yadda Ake Sauya wa Shafuffuka Wuri a Manhajar Tsara Ɗab'i

Gabatarwa

Kafin zuwan kwamfuta, tsara shafin jarida ko littafi aiki ne na ƙwararru a maɗaba'a, waɗanda ke jera haruffan dalma, ko kuma su yanka rubutu da almakashi su manna a kan kwali. A shekarar 1985 kamfanin Aldus na Amurka ya fito da manhajar PageMaker, wadda ta bai wa mutum damar tsara mujalla sukutum yana zaune a teburinsa. QuarkXPress ta biyo baya a 1987, sannan InDesign ta kamfanin Adobe a 1999. Akwai kuma Scribus, wadda ake samu kyauta.

Wannan sauƙi ya sa ƙungiyoyin kimiyya na makarantu ke iya fitar da mujallarsu da kansu. Sai dai jan shafi daga nan zuwa can aiki ne na daƙiƙa ɗaya, amma ɓarnar da yakan jawo ba ta bayyana sai an ɓata takarda da kuɗin makaranta. Wannan darasi zai bayyana dalilin haka da yadda za a kiyaye.

Dama da hagu

Ɗauki kowane littafin boko ka buɗe. Za ka ga shafuffuka biyu na fuskantar juna, ɗinki a tsakaninsu. Waɗannan za mu kira tagwayen shafi. Lura da lambobinsu: na dama kullum mara ne, wato 1, 3, 5, 7, na hagu kuwa cika ne, wato 2, 4, 6, 8. Saboda haka shafi na 1 ba shi da abokin tagwaici, shi kaɗai yake tsayawa a dama. A littattafan Larabci da na ajami, waɗanda ake karantawa daga dama, abin juyawa yake yi, ɗinkin ya koma dama, shafi na 1 ya koma hagu.

Kamar yadda hannun dama ba ya shiga safar hagu, haka shafin dama ba ya zama daidai a mazaunin na hagu. Gefen da ke kusa da ɗinki yana da nasa faɗi, lambar shafi kuma galibi tana can kusurwar waje. Manhajar tana riƙe da wannan fasali a wani shafi na musamman da za mu kira uwar shafi, kuma daga gare ta sauran suke gadon lamba da layuka da sunan mujalla.

Abin da ke faruwa idan an gusa shafi

A ɗauka ƙungiyar kimiyya ta tsara mujalla mai shafi 16, ta shimfiɗa zanen rayuwar sauro a kan shafi na 6 da na 7: ƙwai da tsutsa a hagu, matakin da ke biye da kuma cikakken sauro a dama. Sai shugaban makaranta ya aiko da jawabinsa, aka saka masa sabon shafi guda bayan na 3. Nan take duk abin da ke bayansa zai matsa da mataki ɗaya. Shafi na 6 ya zama na 7, ya koma dama. Na 7 ya zama na 8, ya koma bayansa. Zanen ya rabu biyu ke nan, rabi a fuska, rabi a ƙeya, mai karatu ba zai taɓa ganinsu tare ba.

Lambar shafi da kanta takan gyaru, domin daga uwar shafi take zuwa. Amma hoton da aka aza da hannu dab da bakin waje yana iya tsintar kansa a bakin ɗinki. Haka kuma rubutu mai tsawo yana bin sarƙar gurabun da aka ƙulla ne, ba jerin shafuffuka ba. Idan aka ɗauke shafin tsakiyar maƙala aka kai shi gaba, sarƙar ba ta tsinkewa, sai mai karatu ya tarar da ƙarshen zance kafin tsakiyarsa.

Hanyoyin kiyayewa

Da farko, a adana kwafin aikin da wani suna kafin a taɓa komai.

Na biyu, a buɗe 'yar tagar da ke nuna shafuffuka ƙanana-ƙanana a jere. Daga nan ake jan shafi, ko a ba da umarnin a kai shafi kaza bayan shafi kaza. Umarnin ya fi jan hannu aminci idan shafuffukan suna da yawa.

Na uku, a riƙa ƙarawa ko ragewa bibbiyu. Idan shafi biyu suka shiga, na dama ya tsaya a dama, na hagu a hagu.

Na huɗu, a ɗaure tagwayen da ba a so su rabu. InDesign tana da zaɓin da ke hana su wargajewa, kuma takan nuna lambobinsu cikin baka a 'yar tagar nan. Da irin wannan zaɓi ake jera shafi uku ko fiye gefe da gefe, kamar taswirar da ake naɗewa cikin littafi.

Daga ƙarshe, a sabunta jadawalin abin da ke ciki, a kuma bi duk inda aka rubuta "duba shafi kaza".

Jerin mai karatu da jerin maɗaba'a

Mujallar da ake ɗinkewa da waya a tsakiya fallaye ne da aka ninka biyu aka cusa wani cikin wani. Falle ɗaya na A3, mai milimita 297 da 420, idan aka ninka shi yana ba da shafi huɗu na A4. Don haka dole jimillar shafuffuka ta rabu da 4: wato 8, 12, 16, 20. Shafin jawabin nan da ya mai da mujallarmu 17 zai tilasta a kai ta 20, ko a cire wani abu.

A kan fallen kuwa shafuffuka ba sa bin jerin karatu. A mujalla mai shafi 16, falle na farko yana ɗauke da 16 da 1 a waje, 2 da 15 a ciki. Na biyu 14 da 3, sai 4 da 13. Na uku 12 da 5, sai 6 da 11. Na huɗu 10 da 7, sai 8 da 9. Tara kowane biyu, za ka sami 17, wato jimillar shafuffuka da ƙarin ɗaya. Wannan ƙa'ida ce mai sauƙi ta gane kuskure.

A nan za a ga cewa shafi na 6 da na 7 a fallaye dabam-dabam ake buga su, saboda haka kuskure kaɗan wajen ninki zai sa layukan zanen su saɓa. Shafi na 8 da na 9 kaɗai ke zaune a fuska ɗaya ta falle ɗaya, kuma nan ne mazaunin da ya fi dacewa da zanen sauronmu.

Kada ɗalibi ya wahalar da kansa yana jera shafuffuka da hannu bisa tsarin maɗaba'a, domin lambobi da sarƙar rubutu za su rikice. A bar su a jerin karatu, a fitar da su a PDF shafi ɗai-ɗai, sai maɗaba'a ta jera, ko a yi amfani da umarnin buga ɗan littafi da ke cikin manhajar.

Aikin gwaji

Malami ya raba wa kowane rukuni fallaye huɗu. Su ninka, su cusa wani cikin wani, su rubuta 1 zuwa 16, sannan su warware su duba wa ke maƙwabtaka da wa. Bayan haka su amsa: a mujalla mai shafi 24, wane shafi ne abokin na 5, kuma waɗanne biyu ne a tsakiya? Rukunin da ya sami 20, da kuma 12 da 13, ya cancanci a damƙa masa mujallar makaranta ta bana.