DARASI: WA YA KAMATA YA BI SAWUN KUƊIN KWANGILA?



A 2015 gwamnatin Buhari ta kafa kwamitin binciken sayen makamai, inda aka taso da zargin karkatar da kimanin dala biliyan 2.1, alhali sojoji na kukan rashin kayan yaƙi da Boko Haram. Ku lura da abu ɗaya: kwamitin fadar shugaban ƙasa ne ya tono maganar bayan an sauya gwamnati. To ina majalisa take lokacin da kuɗin ke fita?

Sashe na 88 na tsarin mulkin 1999 ya ba Majalisar Tarayya ikon bincike don fallasa cin hanci da almubazzaranci. Sashe na 89 ya ba ta ikon kiran kowa ya zo ya yi bayani. Majalisun jihohi ma suna da irin wannan iko a sashe na 128. Ashe sa ido aikinsu ne, ba alfarma ba.

Kada manomin Kura ko Bunkure ya ce wannan zancen Abuja ne. Ruwan Tiga da ke shayar da shinkafarka, Hukumar Kogunan Haɗejiya da Jama'are ke kula da shi, kuma majalisa ce ke amincewa da kasafinta. Aringizo iri ɗaya ne, ko a bindiga ko a kanal. A ce an ba da kwangilar yashe kilomita 10, aka yashe 3, aka karɓi kuɗin 10. Wa zai kwana a ciki? Mai gonar ƙarshen layi, wanda ruwa bai isa gare shi ba.

Addininmu ma ya koyar da haka. Manzon Allah (SAW) ya yi wa Ibnul Lutbiyya hisabi kan zakkar da ya tattaro, bai yarda da uzurin cewa wani kason kyauta aka ba shi ba. Amana ba ta hana bincike.

Don haka idan ɗan majalisarku ya zo gida, kafin maganar taki ko babur, ku tambaye shi:

1. Nawa aka ware wa aikin?
2. Wa aka ba, kuma nawa aka biya?
3. Kwamitinku ya zo ya gani da ido?

Amma fa banda ƙazafi. A tambaya da ladabi, a yi magana da hujja.

Allah Ya ba mu shugabanni masu riƙon amana. Amin.