Amsoshin Tambayoyinku: Shin Tiramol da Kodin Suna da Makari, Kuma Wa Zai Kawo Mana Shi?

TAMBAYA

Ni malamin firamare ne a ƙaramar hukumar Bukkuyum. Bara, bayan babbar salla, muka binne ɗan maƙwabcina, yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai, mai aikin haƙar zinare. Ya dawo da dare ya kwanta, abokan ɗakinsa suka ji yana wani irin minshari, suka ce gajiya ce ta haɗu da ƙwaya, a bar shi ya huta. Da asuba aka tashe shi salla, ashe rai ya yi halinsa. Kwanan baya na ji a rediyo wai a Amurka gwamnati na sayen wani magani mai farfaɗo da wanda ƙwaya ta yi wa yawa, tana rabawa kyauta. Da gaske ne? In da gaske ne, wa ke da alhakin kawo mana shi? Sannan wani abu na ci mini tuwo a ƙwarya: in yaranmu suka ji akwai makari, ba ƙara ƙaimi za su yi wajen sha ba?

AMSA

Malam, Allah ya jiƙan wannan yaro, ya ba iyayensa haƙurin rashi. Abin da ka ji gaskiya ne. Sunan maganin nalokson, kuma tsoho ne: a 1961 aka yi rajistar ƙirƙiro shi a Amurka, aka amince da shi a asibitocinsu a 1971. Yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Likitocinmu masu sa majiyyaci barci a ɗakin tiyata sun daɗe da saninsa, don da shi suke gyarawa idan allurar kashe zafi ta yi wa mutum nauyi.

Bari mu fara da minsharin da abokansa suka ji, domin a nan maganar take. Tiramol, kodin, allurar fenta, mofin da hiroyin duk dangi ɗaya ne. Idan suka shiga jiki, sukan je su zauna a wasu gurabe a ƙwaƙwalwa, su danne zafin ciwo da gajiya. Shi ya sa mai haƙa a rami, ɗan kabu-kabu da mai noman ƙodago ke neman su. Amma a cikin waɗannan gurabe har da wurin da ke umartar ƙirji ya ja numfashi. In ƙwayar ta yi yawa, umarnin sai ya yi rauni. Numfashi ya riƙa ja baya, harshe ya saki ya toshe maƙogwaro, sai a ji wani gurnani mai kama da minshari. Wannan sauti na mutumin da iska ke ƙare wa ne. Alamu uku ake dubawa: a girgiza shi a kira sunansa bai amsa ba, numfashinsa ya yi ƙasa sosai ko yana ɗaukewa, sannan in aka buɗa idonsa, ɗigon baƙin da ke tsakiya ya tsuke kamar bakin allura. Sau da yawa leɓɓa da farata kan dusashe.

Aikin nalokson shi ne ya shiga ya ture ƙwayar daga gurbinta, ya zauna a wurin. Cikin minti biyu zuwa uku numfashi kan dawo. Ana yin sa da allura a cinya ko a dantse, akwai kuma wanda ake fesawa a hanci, wanda ko wanda bai taɓa shiga ajin kiwon lafiya ba zai iya koyonsa a zama ɗaya. Ba ya sa maye, ba a kamuwa da jarabarsa, kuma in aka yi kuskure aka ba wanda ba irin wannan ƙwaya ya sha ba, galibi ba ya masa komai.

Sai dai wajibi ne in faɗa maka iyakarsa, don kada mu ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba. Ƙarfinsa na minti 30 ne zuwa 90, alhali ƙwayar na iya daɗewa a jiki fiye da haka, don haka wanda ya farfaɗo zai iya sake suma. Dole a kai shi asibiti. Ba ya karya sholisho, giya, wiwi, ko ƙwayoyin sa barci irin su rochi da diyazafam. Game da tiramol kuwa akwai ƙarin bayani: bayan danne numfashi, yakan jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, ita kuma nalokson ba ya tsayar da ita, sai ma'aikacin asibiti da wani maganin daban. Haka ƙwayoyin nan irin su Tafrodol, waɗanda binciken BBC na watan Fabrairun 2025 ya nuna ana shigo da su Afirka ta Yamma daga Indiya: gami ne na abu biyu, nalokson na karya ɗaya, ɗayan kuma ba ya taɓa shi. Duk da haka, numfashin nan da yake dawowa da shi, shi ne ke ba mutum lokacin isa gaban likita.

To wa zai saya? A nan ne tambayarka ta yi nauyi. Kasuwa ba za ta kawo wannan magani ƙauye da kanta ba, kuma dalilin a fili yake. Mai bukatarsa a sume yake, ba zai je kemis ba. Iyayensa ba su yarda ɗansu na sha ba, balle su tanada. Mai kemis ba zai zuba jarinsa a kayan da za su shekara a kanta ba mai tambaya. Ko asibitin gwamnati da ke tafiyar da ɗakin magani bisa tsarin a sayar a sake sarowa, hankalinsa zai fi karkata ga maganin zazzaɓi da ke ƙarewa kullum. Nalokson irin tulun kashe gobara ne: ana ajiye shi da fatan kada ranarsa ta zo. Irin wannan kaya, in hukuma ba ta saya ba, ba mai saya.

Ƙasashen da suka gane haka sun bi hanyoyi daban-daban. Italiya ta halatta sayar da shi ba tare da takardar likita ba tun 1996. A 2011 Sukotlan ta fara shirin ƙasa baki ɗaya na ba masu sha da fursunonin da za a sallama nalokson su tafi da shi gida. A 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a sa shi a hannun duk wanda zai iya kasancewa a wurin idan abin ya faru: 'yan uwa, abokai, maƙwabta. A Amurka, inda daga 2021 zuwa 2023 ƙwaya ta riƙa kashe mutum fiye da 100,000 kowace shekara, an amince a watan Maris na 2023 a sayar da na feshin hanci, mai suna Narcan, ba da takardar likita ba, kwalin guda biyu a kan kusan dala 45. Jihar Kalifoniya ta ga kuɗin ya yi yawa, sai a 2024 ta ƙulla ciniki kai tsaye da wani kamfani, ta samo kwalin a dala 24. Duk ɗan kasuwar Gummi ya san wannan lissafi: mai sayen mudu da mai sarin mota ba farashi ɗaya ake yanka musu ba.

Kada ka ɗauka sai Turai ake iya wannan. A 2013 gwamnatin Jihar Sakkwato, maƙwabciyarku, ta sayi maganin tsayar da zubar jini bayan haihuwa da man shafa wa cibiyar jariri da kuɗinta, ta raba su a mazaɓu 244 na jihar ta hannun mutanen gari da aka horar. An yi haka ne don an lura yawancin mata a gida suke haihuwa, sai aka kai maganin inda haɗarin yake. Shi ma wanda ƙwaya ta kayar, a ɗaki yake faɗuwa, ko a bakin rami, ko a tasha, kuma yawanci da dare. Kai ka fi ni sanin abin da fita da dare ke nufi a hanyoyin Anka da Bukkuyum a shekarun nan. Makarin da ke kulle a sito a Gusau, ga mai mintoci kaɗan a hannu, da shi da babu duk ɗaya.

Bukatar kuma a ƙirge take. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a Janairun 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya, miliyan 4.6 daga cikinsu da dangin tiramol da kodin. A Arewa maso Yamma, Zamfara ce ta biyu bayan Kano, da kashi 13.5 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64. An haramta maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018. Hukumar NAFDAC tiramol mai ƙarfin 50 da 100 kawai ta amince da shi, amma wanda ke yawo a hannun matasa mai 200 ne, da 225, har 250.

A ganina aikin hawa uku ne. Gwamnatin tarayya, ta Ma'aikatar Lafiya da NAFDAC, ita ce za ta tabbatar da inganci, ta tattara bukatun jihohi ta yi sari ɗaya, ta kuma fito fili ta ce wane ne aka yarda ya riƙe maganin. Gwamnatin jiha ta sa masa layi a kasafin kuɗi, ta raba shi da tsarin saye da sayarwa ya zama kyauta, ta kai shi manyan asibitocin Anka, Gummi da Bukkuyum, daga nan zuwa asibitin kowace mazaɓa cikin 147 da jihar ke da su. Ba ya bukatar firij, kuma yakan yi shekara biyu zuwa uku bai lalace ba, don haka ajiyarsa ta fi ta allurar rigakafi sauƙi. Hawa na uku shi ne gari: shugabannin masu haƙar ma'adinai, ƙungiyar direbobi da 'yan kabu-kabu, masu kemis masu rajista, 'yan agaji, da masu kula da sansanonin 'yan gudun hijira. A koya musu, a ba su, a riƙa rubuta nawa aka yi amfani da su, don a san inda za a ƙara. Wasu za su lalace ba a taɓa su ba. Wannan ba asara ba ce, kuɗin zama cikin shiri ne, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu ga damuwarka ta ƙarshe, kuma na san dattawa da malamai da yawa na tare da kai a kanta. Inda aka raba wannan magani aka bibiya, ba a ga shan ƙwaya ya ƙaru saboda shi ba. Akwai dalili. Wanda jikinsa ya saba da ƙwaya, in nalokson ya tashe shi, cikin wahala yake farkawa: amai, gumi, ciwon gaɓoɓi, rawar jiki. Ba wanda ke marmarin wannan. Kuma tunda ba ya bugarwa, ba shi da kasuwa a wurin dillalai. Ta fuskar addini, malamanmu sun lissafa kiyaye rai da kiyaye hankali cikin manyan manufofin shari'a. Shan ƙwaya saɓo ne, ba mai musu. Amma in yaro ya ƙi jin magana ya faɗa rijiya, igiya ake fara jefa masa, faɗan sai ya fito. Tuba da shiriya duk sai mai rai.

Mutanen yankinku sun riga sun ga darasin nan da idonsu. A 2010, gubar dalma daga duwatsun zinare da ake dakawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da Yargalma. Makarin dalma yana nan a duniya tun kafin lokacin, sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta kawo shi kusa, kyauta, sannan mace-macen suka ja baya. Amma likitocin sun dage cewa ba wa yaro magani ya koma wasa a gurɓatacciyar ƙasa aikin banza ne, shi ya sa yaran Bagega suka jira har 2013 da aka saki kuɗin kwashe ƙasar garin. Haka nan ma. Nalokson zai dawo da numfashi, amma in yaron ya koma ramin da ba a iya aikinsa sai da ƙwaya, ga mai sayarwa a bakin ramin, gobe ma haka za a yi. Dole a haɗa da aikin hukumar NDLEA na toshe hanyar shigowar ƙwaya, da kai masu jarabar wurin jinya irin Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, da kuma daina ɓoyewa don kunya.

Kafin hukuma ta motsa, ga abin da za ka iya koya wa ɗalibanka da iyayensu. Wanda aka san ya sha ƙwaya, in ya kwanta yana gurnani, kada a bar shi shi kaɗai. A girgiza shi, a murza ƙashin ƙirjinsa da ƙarfi. In bai motsa ba, kada a ɗura masa madara, manja ko ruwan gishiri, domin huhu za su wuce su ƙarasa shi. In yana numfashi, a kwantar da shi ta gefe don kada amai ya shaƙe shi. In numfashin na ɗaukewa, a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a toshe hancinsa, a hura masa iska a baki duk bayan daƙiƙa biyar. A nemi abin hawa nan take, kuma a faɗa wa ma'aikacin asibiti gaskiyar abin da ya sha.

Sannan, Malam, kai mai ilimi ne da ake jin maganarka. Ku haɗu da limami da mai unguwa, ku je wurin kwamitin lafiya na mazaɓarku da shugaban asibitin da ya fi kusa, ku tambaya ko akwai nalokson, nawa ne, wa ke riƙe da makullin da dare. Ku rubuta wa kansila da ɗan majalisar jiharku. Hukuma takan sayi abin da jama'a suka ambata da sunansa, yanzu kuma ka san sunan. Allah ya shirya mana zuriya, ya tsare sauran yaran da ke cikin ramukan nan.