Malamin Firamare da Aikin Kwamfuta

A shekarar 1976 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta, watau UPE. Yara suka cika azuzuwa, ƙwararrun malamai kuwa suka yi ƙaranci, saboda haka aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa a Kaduna, domin malami ya ƙaro ilmi yana bakin aikinsa. Yau wata buƙata irin wannan ta taso, ita ce sanin aiki da kwamfuta.

Tun daga 2015 hukumar JAMB take shirya jarrabawar shiga jami'a da kwamfuta. Yaron da ya tashi a Makama, cikin birnin Yola, zai yi wannan jarrabawa tare da ɗan Ikko da ɗan Abuja. In hannunsa bai saba da na'urar ba, yana iya sanin amsa amma lokaci ya ƙure masa. Malamin da bai iya ba kuwa, ba shi da abin da zai koya masa.

Kwas na kwana biyu ko uku ba ya wadatarwa, gama abin da ba a maimaita ba mantuwa yake bi. Abin da ya fi shi ne a haɗa malami da wanda ya riga shi ƙwarewa, su riƙa zama mako-mako. Ana iya neman irin waɗannan masu jagora a Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke Yola, da Jami'ar Modibbo Adama, wadda aka kafa a 1981 domin koyar da fasaha.

Ga matakan da ya kamata a bi:

1. Malami ya koyi kunna na'ura, da buga rubutu, da adana shi.
2. Ya shirya darasi da sakamakon jarrabawar ajinsa a kanta.
3. Ya koyi neman bayani a intanet, da rarrabe sahihi da na bogi.
4. Ya koyar da darasin kimiyya da ita a gaban jagoransa, sa'an nan a gyara masa.

Inda babu kwamfuta, wayar hannu ta isa a fara. A 2022 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya da UNICEF sun buɗe dandalin Nigeria Learning Passport, mai ɗauke da darussa kyauta.

Wajibi ne hedimasta ya keɓe lokacin wannan zama cikin jadawalin makaranta. Kada kuma dattijon malami ya ji nauyin koyo wurin na baya da shi, domin gemu ba ya hana ilmi.